Gurbi Ɗaya a Makarantar Ƙanena

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar Asabar, wayata ta yi ƙara a tsakar gidan da muke haya a Batsari. Mu biyar ne a wurin. Inna, mahaifiyata, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Matata tana bakin murhu. Babban ɗana, mai shekara goma sha shida, yana wanke mini babur. Ɗiyata da ke bi masa, mai shekara goma sha ɗaya da wata biyar, tana tankaɗe gari. Tsakaninsu akwai biyu da Allah bai raya ba. Sunan Inna ta ci, saboda haka ni da 'yan'uwana Uwata muke ce mata. Na biyar ni ne, ina kan kujera ina duba littattafan ɗalibai.

Ƙanena ne ya kira, kiran bidiyo, daga Malesiya. Shekara biyar na ba shi. Can yake koyar da Larabci da Alƙur'ani a wata makaranta, yana zaune da matarsa 'yar Safana da 'ya'yansu biyu. A wurinsu an riga an yi la'asar. Ya gaida Inna, ya tambayi ƙafarta, ya gaishe ni, ya tambayi gida da aiki da hanya, ya tambayi mutanen garinmu Runka ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda suka zauna da waɗanda suka watse. Sai da muka gama wannan duka sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Yaya, magana ce da ni. Makarantar nan tana ba kowane malami gurbin yara uku kyauta. Nawa biyu ne. Na tambaya, sun ce ɗan ɗan'uwa ma yana shiga, in dai riƙonsa yana hannuna a rubuce. Sharaɗi ɗaya ne, yaro ya iso a yi masa rajista kafin ya cika sha biyu. Ka ba ni Uwata."

Inna ta saki gyaɗar da ke hannunta. Ta ce, "Alhamdu lillahi! Takwara, za ki hau jirgi ki bar ni da wanga mijin nawa mai hannu duk baƙin mai."

Ɗana ya yi dariya ya ce, "Ai ke ma ki bi ta, tsohuwa, in huta da sayen goro."

Matata ta ajiye ludayi. Uwata ta tsaya da rariya a hannu tana kallona. Kowa ni yake jira.

Na ce, "Na ji. Amma gidan nan yana da babba."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ban manta da shi ba. Nan ba kamar gida ba ne. Da shekaru suke sa yaro a aji. Ɗan sha shida da 'yan sha shida za a haɗa shi, su kuwa suna dab da jarrabawar fita. Ba za su karɓe shi ba."

Na ce, "Ni na koyar da mai gemu a aji shida, kuma ya fita da takarda."

Ya ce, "A Runka ke nan."

Wannan kalma ta zauna mini a ƙirji. Na ce masa zan yi shawara, muka yi sallama. Inna ta dube ni, ta dube ni, sannan ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Dole in koma baya, domin wanda bai san farkon abin ba ba zai gane amsata ba.

Mahaifinmu malamin allo ne a Runka. Lokacin ina yaro aka aiko cewa kowane gida ya ba da yaro ɗaya a sa a boko. A wancan zamani, a gida irin namu, yaron da aka ba boko kamar an yi asararsa ne. Baba bai yi dogon tunani ba. Ya ce babba shi ke fara ɗaukar kaya, ya kama hannuna ya kai ni. Ba a tambaye ni ba. Ƙanena ya zauna a zaure gaban Baba da allonsa.

Daga baya abin ya juya, kuma shekaru da yawa ni ne wanda ake kallo. Na yi firamare, na yi makarantar horon malamai, na dawo garinmu ina koyarwa. Daga baya na ƙara takardar NCE ta hanyar karatun hutu. Ni na fara sa wando da takalmi sau-ciki a gidanmu, ni na fara sayen keke. In na gaji da riga, ƙanena nake ba. In wasiƙa ta zo unguwarmu, ni ake nema. Shi kuwa yana zaure, yatsunsa duk tawada. Na kan ji tausayinsa, kuma ba zan ɓoye ba, tausayin yana yi mini daɗi.

Ya hardace Alƙur'ani. Ya tafi Katsina ya shiga makarantar Larabci. Ya shiga musabaƙa ya yi nasara. Daga nan aka ba shi gurbin karatu a Sudan, ya yi digiri. Daga Sudan ya wuce Malesiya ya ƙara wani, suka riƙe shi aiki. Hanyar da aka ce ba ta kai mutum ko'ina sai zaure, ita ta kai shi ƙasa biyu. Tawa da aka ce ita ce hanyar duniya ta kai ni Runka ta ajiye. Ban taɓa wuce Kaduna ba. Ranar da aka fara ce masa Dakta a gabana, a wani ɗaurin aure a Safana, na amsa gaisuwar mutane yadda ya kamata, na dawo gida ban ci abinci ba.

Sai kuma 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Makarantarmu ta koma buɗewa wata ɗaya, rufewa wata uku. Na kwashe iyali a a-kori-kura muka dawo Batsari, kusa da dangin matata mutanen Darini. Cikin kayan da na ɗauko har da rajistocin ajina da takardun sakamakon yara, a buhu, don kada a ƙone su ko gara ta ci. Yanzu ina zuwa Runka a babur ranar da aka ce hanya ta yi kyau. Babban ɗana ya rasa shekara uku na karatu a wannan kai-da-kawo, ya koma zama wurin wani mai gyaran babur.

A cikin wannan hali ne ƙanena ya riƙa aiko mana da hotuna da bidiyo. Bai yi don ya ƙona mini rai ba, na sani. Inna ce ke son ganin jikokinta. Amma wayar tawa ce, ni ke fara gani.

Akwai wani bidiyo na ajin ɗiyarsa, mai shekara tara. Sau goma sha ɗaya na kalle shi. Na ƙirga kujeru, ashirin da huɗu, kowace da yaro ɗaya. Na ƙirga tagogi, duka da gilashi. Akwai fanka, tana juyawa. Akwai kanta cike da littattafai, an ce yaro yana ara ya tafi da shi gida ya dawo da shi. A kallo na takwas na lura rubutun malamarsu a allo ya karkace, layin yana gangarowa ƙasa. Na ji sanyi a raina. Na nuna wa matata, na ce ni ko ɗan aji uku ba zan bari ya yi wannan rubutu ba. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da aikinta.

A bidiyon kowane yaro yana riƙe da maganaɗisu yana jan ƙusa da shi. Ni shekara goma sha huɗu ina koyar da darasin maganaɗisu da zane a allo. Sai da rediyon wani maƙwabcinmu ya lalace na roƙi lasifikar na ɓalle na ciki, shi nake yawo da shi a aljihu, yara tamanin da wani abu suna layi su taɓa. Wata rana a waya yarinyar ta tambaye ni, cikin Hausarta mai ɗan tsami, "Baffa, ku wane gwaji kuka yi wannan satin?" Na ce mata mu muna bin manhaja ne daki-daki. Ban san abin da zan ce ba ke nan.

Da can mutum bai san abin da ya rasa ba. Mahaifina ya rayu ya mutu bai ga cikin ajin wata ƙasa ba, kuma hankalinsa kwance. Mu yanzu muna gani a tafin hannu, har launin fentin bango. Wani abokin aikina yana da dangi a Maraɗi, yana ba ni labarin 'ya'yansu da ke karatu da Faransanci suna wucewa wasu ƙasashe. Wani yana da ɗa a Masar. Kowa da inda yake leƙe. Waya tana nuna maka ɗakin, ba ta buɗe maka ƙofa. Ga shi ni an buɗe mini, kuma wanda ya buɗe shi ne wanda nake ba tsohuwar riga.

Wata bakwai ke tsakanin wannan kira da ranar da Uwata za ta cika sha biyu. Ga yadda na kashe biyar daga ciki.

A wata na farko na ce wa ƙanena ban yarda da maganar baki ba. Ya rubuta wa shugabannin makarantar takarda a kan babban ɗana, su ba da amsa a rubuce. Ya ce, "Yaya, na san amsar." Na ce ban tambaye shi abin da ya sani ba. Ya rubuta. Na yi zaton abin zai ɗauki wata biyu, yadda takarda ke yi a nan. Kwana huɗu amsa ta zo. Sun yi godiya, sun yi wa yaron fatan alheri, sun ce a'a. Har saurin amsar ya ba ni haushi.

A wata na biyu wani abokin aikina ya ba ni shawara. Ya ce, "Malam, kai ma da sanyin jiki. Shekaru ai takarda ce. Ka je a yi wa yaron takardar rantsuwa, a mai da shi sha ɗaya da rabi. Wa ya san ranar haihuwar wani a ƙauye? Ni kaina shekara huɗu na ajiye a gida." A wurinmu wannan ba abin mamaki ba ne. Mutane da yawa suna da shekarun gida da shekarun takarda. Ni ban taɓa yi ba, kuma na sha yi wa masu yi faɗa. Duk da haka na ɗauki wannan shawara na kai wa ƙanena, a gaban iyalina.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Juya mini wayar in gan shi."

Na juya. Ɗana yana tsaye da sifana a hannu, ya fi ni tsawo, gashin baki ya fara tsiro masa.

Inna ta fashe da dariya har tana tari. Ta ce, "Wanga ne ɗan sha ɗaya? Sai dai ku aske shi ku naɗe ƙafafun a akwati."

Ƙanena bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, ko da ya yi kama, ba zan kai wa mutanen nan takardar ƙarya ba. Rantsuwa ce fa."

Na ce, "Yanzu kai za ka koya mini hukuncin rantsuwa?"

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri."

Ɗana ne ya yi magana, wanda ba ya sa baki in manya na magana. Ya ce, "Baba, ni fa ba na so. In je in zauna da yara ina haɗa baƙi? Ni na kusa iya buɗe inji. A ba ta, ita ke da kai."

Na ce, "Ba a tambaye ka ba." Sai da kalmar ta fita na tuna ni ma haka aka yi mini. Ban janye ta ba.

Wata na uku da na huɗu ban yi komai ba. In ƙanena ya kira sai in ce ana shawara. Na riƙa kawo dalilai, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Na ce ɗiya mace ce, ƙasar da nisa. Na ce ƙarami ba ya shiga gidan yayansa ya nuna yaro da yatsa kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Kamata ya yi ya ce a ba shi ɗaya, ni in zaɓa. Na ce in aka tsallake babba yau, gobe ba wanda zai girmama shi a gidan. Wannan na ƙarshe na yarda da shi har zuciyata. An ba da ni ne don ni ne babba, na ɗauki kayan. Ban ga dalilin da zai sa ranar da abin ya zama alheri a ce tsarin ya tashi ba.

Amma akwai dalilin da ban faɗa wa kowa ba. Na san in ta tafi za ta dawo da abin da ban iya ba ta ba. Za ta dawo a ce ɗiyar Dakta. Ni na koya mata baƙi, ni na koya mata jadawalin sau har goma sha biyu tun tana aji uku, amma ba wanda zai tuna. In ta zama likita, shi ya yi ta. Na kan zauna ina duba littattafan yara, wannan tunani yana cina.

Matata sau ɗaya ta yi magana. Ta kawo mini abinci ta durƙusa ta ce, "Malam, kwanaki na tafiya." Na ce na fi ta sanin kalanda. Ba ta ƙara ba.

Inna kuwa ba ta da wannan haƙuri. Ni ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana. Wata rana bayan azahar ta ce, "Kai, wanga. Zo nan." Na zo na zauna. Ta ce, "Mi yaron nan ya yi maka?"

Na ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Ƙanenka. Tun yana goye kake duban abin da ke hannunsa. In na ba ku ƙosai sai ka auna nasa da naka. Yanzu gemunka ya yi fari ba ka bari ba."

Na ce, "Inna, tsari nake bi."

Ta ce, "Tsarin ubanka ne, na san shi, ni na yi kuka ranar da aka kai ka. Shi bai da zaɓi, hukuma ta aiko. Kai wa ya aiko maka?"

Na tashi na ce zan je masallaci, alhali da sauran lokaci.

Uwata ba ta taɓa tambayata ba. Tana shara, tana ɗebo ruwa, tana zuwa makaranta. Abin da na lura kawai shi ne ta daina zuwa kallon bidiyon in an aiko.

A ƙarshen wata na biyar, wata Talata, aka ce hanyar Runka ba kyau, ban fita ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na bi ta makarantar da take aji shida a nan Batsari don in gaida wani malami. Makarantar ta cika da yaran ƙauyukan da aka tasa. Na hango yara a tsaye a waje, jikin tagar wani aji, sun kai goma sha biyar. Tana cikinsu. Ta dafa littafinta a bango tana leƙa allo ta taga tana kwafa, in wani kai ya tare ta sai ta yi ɗage. Rana tana dukan bayanta. Na tsaya daga nesa har aka tashi tara. Da ta dawo gida na karɓi littafin. Rubutun a miƙe yake, layi bisa layi, ko ɗaya bai gangara ba, a bango aka yi shi.

Bayan la'asar na kira ƙanena, ban duba ƙarfe nawa ne a wurinsu ba. Na ce, "Ka ɗauke ta." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaya, sati takwas ya rage. A fara gobe."

Muka fara. Ana bukatar takardar haihuwa, da lambar ɗan ƙasa, da takardar riƙo daga kotu, da fasfo, sannan makarantar ta nema mata izinin shiga ƙasar. Kowace sai wadda ke gabanta ta fito. Takardar haihuwa tana hannuna, tun satin da aka haife ta na karɓa. Lambar ɗan ƙasa ta ci sati biyu. Takardar riƙo ta ci kwana goma. Ranar da za mu Katsina ɗaukar hoton fasfo aka tare hanya, direbobi suka ƙi fita kwana biyar. Da muka isa muka tarar da layi, aka ba mu rana. Ba zan ɗora wa kowane ofis laifi ba. Waɗanda ke gabanmu sun riga mu zuwa, kuma ni ba mutumin da zai ce a tsallake na gaba ba ne.

Abokin aikin nan nawa ya sake zuwa. Ya ce, "To ita a rage mata wata shida mana, wannan ai ko ido ba zai gane ba." Ko da na so, ba hali. Takardar haihuwarta ta gaskiya tana gaban makarantar tun satin farko, da rana da wata. Yawancin yaran Runka ba su da wannan takarda. Tawa ɗiyar tana da ita, don ubanta mai ajiye takardu ne.

Ta cika sha biyu ranar wata Laraba. Fasfo ya fito bayan kwana goma sha tara. Ƙanena ya je ya roƙi shugabannin makarantar, suka ce doka ɗaya ce ga kowa, in suka ɗaga wa ɗaya sai sun ɗaga wa duka. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne a kujerar, abin da zan faɗa ke nan.

Ƙanena da kansa ya kira ya faɗa mini. Bai ce mini ai na faɗa maka ba. Na so ya faɗa, da na sami abin yin faɗa a kai. Ni na shaida wa Uwata. Ta ce, "To, Baba." Ta ɗauki fasfon ta buɗe ta dubi hotonta, ta rufe ta miƙo mini, ta ce in ajiye a cikin takarduna.

Gurbin bai zauna banza ba. Bayan wata biyu ƙanena ya kira, yana ta kewaye-kewaye, har na ce ya faɗi abin da ke bakinsa. Matarsa tana da ɗiyar yayarta a Safana, shekararta goma da rabi. Iyayen sun amsa a rana ɗaya. Na san yarinyar. Su ma mutanen Runka ne kafin a watse, kuma ajinsu ɗaya da Uwata a hannuna, a aji huɗu. Makarantar tana son bayanin karatunta daga malamin da ya koyar da ita, rajistar kuwa tana cikin buhuna.

Ya ce, "Yaya, in da nauyi a bari, sai a nemi hedimasta."

Na ce, "Aikina ne."

Na buɗe buhun na fito da takardun. A zangon ƙarshe da muka yi cikakke, Uwata ce ta ɗaya. Yarinyar ta goma sha huɗu. Na zauna da biro na fi awa ɗaya. Na san kalmomin da malami ke sawa in yana son ya rage wa yaro daraja ba tare da ya yi ƙarya ba, kuma sun zo mini har bakin biro. Na rubuta abin da ke rajista: tana zuwa kullum, tana da ladabi, karatunta matsakaici ne, lissafinta yana bukatar taimako, tana kama abu in an maimaita mata. Na sa hannu, na kai hedimasta ya buga hatimi.

Kafin su tafi suka zo Batsari yi wa Inna sallama, ita da uwarta. An yi mata sabon lalle da sabon takalmi. Uwar ta durƙusa ta ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka, ai ɗiyarka ce." Na ce Allah ya ba da sa'a. Uwata ce ta kawo musu ruwa, ta raka su har bakin titi. Da ta dawo ta wuce ɗaki, matata ta bi ta. Ni na zauna a waje.

Yau shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da ranar da na ce wa ƙanena ya ɗauki Uwata. Bidiyo bai daina zuwa ba, sai dai yanzu yara uku ne a ciki. Ta goma sha huɗun nan tana magana da Turanci ba ta tsayawa neman kalma. A na baya-bayan nan tana sanye da farar riga da tabarau na roba, tana zuba wani ruwa a kwalba yana sauya launi. Inna tana tafi tana cewa a sake mata. Ni nakan riƙe wayar in kau da kai, sannan in kowa ya tashi in kalla ni kaɗai in ƙirga abin da ke kan teburin. Ba zan ce na warke ba. Da ƙanena kaɗai nake ji wa wannan abu, yanzu har da yarinyar da ba ta yi mini komai ba, da iyayenta da suka iya cewa to a rana ɗaya. Ina istigfari a kai, yana tafiya yana dawowa.

Babban ɗana yana buɗe inji yanzu, har an fara kawo masa aiki da sunansa. Uwata tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ta sami wuri a cikin aji, a ƙasa, layi na biyu. Ita ce ta ɗaya a zangon da ya wuce. Shekararta goma sha uku da wata biyu. Ƙanena yana ta tambaya a can, amma duk inda ya taɓa sai a ce sai ta gama sakandare, kuma ban san irin sakandaren da za ta gama a nan ba, ko za a bar makarantar a buɗe har ta gama.

Saboda haka nake roƙonka, kai mai karanta wannan. In ka san wata makaranta, a ƙasar nan ko a wata ƙasa, da ke ɗaukar yarinya mai irin waɗannan shekaru ta hanyar jarrabawa, ka rubuto mini ta hannun waɗanda suka buga wannan littafi. Ba sadaka nake nema ba, a gwada ta kawai. Ka sa sunan makarantar, da takardun da suke bukata, da ranar da suke rufe karɓa. Abu na farko da za ka rubuta, a saman takardar, shi ne iyakar shekarun da suke ɗauka. Kada ka jira sai ka tabbatar da komai, ka aiko da abin da ka sani a satin da ka karanta.